SUNAN TASHA BA KAYAN GWANJO BA NE

A wannan fitowa ba waƙa muka zo da ita ba, ba kuma ƙagaggen labari ba. Wata magana ce muka ji da kunnenmu, ta tsaya mana a rai, muka ga idan muka yi shiru ba mu kyauta wa alƙalamin da muke riƙe da shi ba.

Kwanakin baya mun taso daga nan Kuryar Madaro muka je ɗaurin aure Ƙaura Namoda. Bayan an shafa fatiha, aka zauna ana raba goro, sai hira ta gangaro kan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura da halin da take ciki. Dattawa suna ta tuna zamanin da ake loda gyaɗa da auduga da fatu, samari kuwa suna sauraro kamar ana ba su tatsuniya. Can sai wani saurayi, tsohon ɗalibinmu ne wanda yanzu yake fatauci tsakanin Kano da Dubai, ya gyara zama ya ce, "Malam, ai abin nan ba wuya gare shi ba. A Dubai sayar da sunayen tashoshi suke yi. Banki ko kamfanin waya ya biya kuɗi, a sa wa tasha sunansa, a ɗauki kuɗin a gyara jirgi. Me zai hana a yi mana haka? Suna ai ba ya kai kowa Zariya."

Maganar yaron ba ta ba mu tsoro ba, domin yaro ne mai hankali, kuma kishin garinsu ne ya sa shi faɗa. Abin da ya ba mu tsoro shi ne yadda manyan 'yan boko da ke wurin suka dinga gyaɗa kai, har wani yana cewa wannan ita ce dabarar zamani. To, Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Bari mu shafa tun yanzu.

Da farko dai mu gaskata yaron, abin da ya faɗa yana faruwa. Jirgin cikin gari na Dubai ya fara aiki a 2009, kuma tun kafin a buɗe shi hukumar sufurin birnin ta sa sunayen tashoshi a kasuwa. A Madrid, babban birnin Sifen, a 2013 kamfanin waya na Vodafone ya biya Yuro miliyan 3 don a liƙa sunansa na shekara 3 a kan tashar Sol, wadda ke tsakiyar birnin, da kuma layi na 2 baki ɗayansa. A Amurka, hukumar sufurin New York ta amince a 2009 a ƙara sunan bankin Barclays a kan tashar Atlantic Avenue, a kan dala 200,000 kowace shekara har shekara 20. A Landan, kamfanin jirgin sama na Emirates ya ba da fam miliyan 36 aka sa sunansa a kan keken igiya mai tsallake kogin Thames, wanda aka buɗe a 2012. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yaron ya ga farkon labari, bai tsaya ya ga ƙarshensa ba.

Ga ƙarshen. A Madrid wa'adi ya cika a 2016, aka kankare Vodafone, tasha ta koma Sol ɗinta. A Landan shekara 10 ta cika a 2022, aka sauke Emirates aka ɗora sunan wani kamfanin kwamfuta, IFS. A Filadelfiya ta Amurka akwai tashar da aka sani da Pattison, sunan titin da take kai. A 2010 ta koma AT&T, a 2018 ta koma NRG. A Dubai ɗin da ake mana misali da ita, tashar da ake kira Noor Bank ta wayi gari an haɗiye bankin, domin Dubai Islamic Bank ya saye shi a 2020, sai aka mai da ita Al Safa, a 2023 kuma ta zama Onpassive. Tashar Dubai Marina ta koma Damac, ta dawo Dubai Marina a 2020, ba a rufa shekara ba ta zama Sobha Realty. Wato ɗan kasuwar da ya je Dubai bana ya kwatanta wa ƙanensa inda zai sauka, idan ƙanen ya je baɗi sai ya nemi tashar ya rasa, alhali tana nan inda take, ko taku ɗaya ba ta matsa ba.

Wannan shi ne aibi na farko, kuma shi ne babba. Sunan da aka saya ba raɗin suna ba ne, haya ce. Mai haya kuwa ko ya daɗe sai ya tashi. Zanen aro, in ji masu magana, ba ya rufe katara.

Mu tambayi kanmu, wai me sunan tasha yake yi? Ba ado ba ne, aiki yake yi. Ku je kowace tashar mota da sassafe ku saurara. Ɗan kamasho yana kiran Shinkafi, wani yana kiran Zurmi, wani Gusau, wani Jibiya. Tsohuwa ta zo da ƙullin kayanta, ba ta iya karatun boko ba, ba ta duba allo, kunne take kasawa. Da ta ji sunan garin da 'yarta ke aure sai ta nufi motar. Sunan nan shi ne taswirarta, shi ne ɗan jagoranta. Mu nan mun fi kowa sanin haka, domin Kurya biyu gare mu: ga Kuryar Madaro a ƙasar Ƙaura, ga Kuryar Dambo a ƙasar Shinkafi. Baƙon da ya ce "Kurya" kawai ya yi shiru, sai yaron mota ya tambaye shi, "Wacce?" Kalma ɗaya ce ke raba shi da kwana a garin da bai san kowa ba. A irin wannan zamani da hanyoyinmu suka zama abin da suka zama, sauka a inda ba a nufa ba bayan la'asar ba ƙaramin abu ba ne, rai ne a ciki.

Wani zai ce ai yanzu kowa na da waya, waya kuwa tana nuna hanya. Sai mu ce masa ko dai ba a Zamfara yake ba, ko kuma mantuwa ta yi masa yawa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro, muka yi makonni ba kira ba saƙo. Da me mutane suka yi tafiya a lokacin? Da baki. Da tambaya. Da sunayen da kaka da kakanni suka bari, waɗanda ba su buƙatar caji. Kuma kada a ɗauka rikicewa sai ga wanda bai yi boko ba. A watan Satumba na 2023 an sauya allunan tashar Bond Street ta Landan zuwa "Burberry Street" na 'yan kwanaki, don tallar wani kamfanin tufafi. Fasinjoji suka ruɗe, wasu suka wuce tasharsu, ƙorafi ya yi ta zuwa wa hukuma. To, idan Baturen Landan da ya tashi cikin karatu ya ɓata saboda an taɓa allo, ina ga gwaggonmu da ke zuwa asibitin Gusau da jikanta a goye?

Aibi na biyu, kuɗin da ake kwaɗaita mana bai taka kara ya karya ba. Mu malaman makaranta ne, bari mu yi lissafi a allo. Layin dogon da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kwangilarsa ta kusa dala biliyan 2. Mu ƙaddara yana da tasha 20. Mu ƙaddara kuma, don kyautatawa, kowace tasha za ta samo abin da tashar New York ta samo, wato dala 200,000 a shekara, duk da mun san babu bankin da zai biya wa tashar ƙauye kuɗin birnin New York. An tashi da dala miliyan 4 a shekara ke nan. Kafin wannan ya biya kuɗin layin sai an yi shekara 500. A can ƙasashen ma da ake abin, kuɗin suna ɗigo ne a cikin tulu, ba shi ne ke tuƙa jirgi ba. Abin da ke tuƙa jirgi shi ne kuɗin tikiti, da kuɗin dakon kaya, da kasafin gwamnati, da riƙon amana. Inda aka rasa na ƙarshen, ko sunan kowane gari aka sayar, kuɗin zai bi ta inda na baya suka bi. Wanda ya kasa riƙe kuɗin man fetur, kuɗin allo ne zai riƙe?

Aibi na uku ya shafi wanda ke da abin. A shari'a da al'ada duka, mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. To, sunan Ƙaura Namoda na wane ne? Ba na Hukumar Jiragen Ƙasa ba ne, wadda aka kafa a 1955. Ba na jihar Zamfara ba ne, wadda aka ƙirƙiro a 1996. Garin ya samo sunansa daga Muhammadu Namoda, jagoran Alibawa, wanda ya yi jihadi tare da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana kuma cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808. Lokacin da dogo ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙaura a 1929, ya tarar da sunan ya haura shekara 100 a bakin mutane. Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka shimfiɗa dogon nan don kwasar gyaɗa da audugarmu, kamfanoninsu na ciniki suna cike da kantuna a bakin tashoshi, amma ba su raɗa wa tashar sunan kamfani ba. Iyakar ɓarnarsu ita ce karkatar harshe, suka rubuta "Chafe" a maimakon Tsafe. Kuma saboda tashar ta ɗauki sunan garin, yaran makaranta a Legas da Fatakwal, waɗanda ba su taɓa tako ƙasar Hausa ba, suka haddace Ƙaura Namoda a darasin labarin ƙasa. Wace talla ce ta kai wannan? Kyauta jirgi ya yi wa garin shela har bakin teku. Yanzu kuma a ce mu, 'ya'yan garin, mu za mu yi abin da Bature bai yi ba?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce, "Malam, kun manta da PZ a Zariya? Kun manta da Bata a Kano? Ba sunayen kamfanoni ba ne? Ga su kuwa kowane direba yana kira." Madalla da wannan tambaya, domin ita ce hujjarmu. Wa ya sayar wa kamfanin Paterson Zochonis sunan unguwar PZ? Babu. Wa ya karɓi ko sisi daga kamfanin takalma na Bata? Babu. Kantunansu ne suka zauna a wurin shekara da shekaru, jama'a suna kwatance da su, har sunan ya bi wurin. Jama'a ne suka raɗa, don sunan yana nuna inda abu yake, shi ya sa ya zauna daram ko bayan ciniki ya sauya. Sunan saye kuwa akasin haka ne. Kamfani yana Legas ko Dubai, ba shi da ko rumfa a garin, amma a ce da tashar sunansa. Wancan suna kwatance ne, wannan kuwa ɓatarwa ce. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne bambancin laƙabin da abokai suka sa wa mutum da kirarin da ya biya maroƙi ya yi masa.

Wani kuma zai ce muna faɗa da iska, tunda tashar Ƙaura ba ta ga mai saye ba tukuna. To, tun ran gini ran zane. Ƙofar da wannan ciniki zai shigo ta ita a buɗe take, domin mun riga mun saba wa kanmu cewa sunan tasha kyauta ce da mai mulki ke miƙa wa wanda ya ga dama. A watan Yuli na 2020 gwamnatin tarayya ta raba sunayen tashoshin layin Legas zuwa Ibadan da na Itakpe zuwa Warri ga fitattun mutane. Tashar Ebute Metta ta zama ta Mobolaji Johnson, ta Agege ta zama ta Babatunde Fashola, ta Abeokuta ta zama ta Wole Soyinka, ta Ibadan ta zama ta Obafemi Awolowo. Mu marubuta mun ji daɗi da aka tuna da ɗaya daga cikinmu, ba za mu ɓoye ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya a wani wurin. A watan Yuni na 2023 aka bayyana cewa filin jirgin saman Minna ya zama na Malam Abubakar Imam, ɗan Kagara, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Muka yi murna, muka ce yau an yi wa adabin Hausa gata. Ba a cika shekara ba, a watan Maris na 2024, aka sauke sunansa aka ɗora na shugaban ƙasa Bola Ahmed Tinubu. Ba mu da ja da kowa a kan girmama shugaba. Abin da muke nunawa shi ne, sunan da hukuma ta bayar da takarda, da takarda take karɓe shi. Idan Abubakar Imam, da duk abin da ya yi wa harshen nan, bai yi wata 10 a kan allo ba, to ranar da mai jakar kuɗi ya zo, wa zai tsaya wa Namoda?

Kuma ranar tana iya zuwa da wuri. Tun watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun tarayya ita kaɗai, jihohi ma suna da ikon shimfiɗa nasu. Legas ta buɗe layinta na cikin gari a shekarar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatoci suna ta sayo motocin safa suna gina sababbin tashoshi, kowacce kuma tana neman inda za ta samo kuɗin shiga. A irin wannan yanayi ne mai ba da shawara yake shigowa da jaka da takardu masu sheƙi, ya ce ga yadda ake yi a Dubai. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce talla haramun ce ba, ba mu kuma ce kamfani kada ya taimaka ba. Ga bangon tasha nan, a shafa masa fentin kamfani. Ga jikin tarago, ga bayan tikiti, ga kujerun jira, ga rumfar masu shayi. Kamfanin da ya haƙa rijiyar burtsatse a tasha, ko ya sa fitila mai aiki da hasken rana, ko ya gina makewayi da masallaci, a rubuta a ƙasan allo cewa shi ya yi, mu kuma mu sa masa albarka. Duk wannan haya ce ta bango, bango kuwa na hukuma ne. Amma layin sama na allon, inda aka rubuta sunan gari, wanda direba zai kira, wanda za a buga a tikiti, wanda uwa za ta faɗa wa ɗanta ranar da zai fara tafiya shi kaɗai, wannan ba na hukuma ba ne balle ta kai shi kasuwa. Amana ce aka ba ta ajiya.

Saboda haka muna kira ga 'yan majalisunmu na jiha da na tarayya da su yi doka tun kafin buƙatarta ta taso: kowace tashar jirgi ko ta mota da aka gina da kuɗin jama'a ta ɗauki sunan garin ko unguwar da take, yadda mutanen wurin suke faɗarsa, kuma a rubuta shi daidai, da boko da ajami. Idan ana son girmama wani, a sa sunansa a zauren jira ko a ƙofar shiga. Idan kuma dole ta sa a sauya suna, to a tara masu unguwanni da limamai da 'yan kasuwa da ƙungiyar direbobi a ji ta bakinsu. Jariri ma ba a raɗa masa suna a ɓoye. Sai an kwana bakwai, an tara jama'a, an yanka rago, an yi addu'a, kowa ya shaida. Ashe tashar da dubban mutane za su bi ba ta kai a yi mata shawara ba?

Sauran magana tamu ce, mu marubuta, musamman ƙannenmu masu tasowa. Mu ma muna da laifi. Sau nawa muke karanta littafin da aka rubuta a Gusau ko Kano, amma jarumin yana zaune a wata unguwa mai sunan Turanci da babu ita a duniya, yana hawa mota daga wani wuri da ba a ambata ba zuwa wani wurin da ba a sani ba? Kamar muna jin kunyar Kuryar Madaro da Moriki da Birnin Magaji, muna ganin ba su dace da labarin soyayya ba. To, wanda ya ji kunyar sunan garinsu a littafi, da wane baki zai hana a sayar da shi a allo? Suna linzami ne, wanda ya riƙe shi shi ke juya doki. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya, kafin fitowa ta gaba, ya ɗauki littafi da biro ya je tashar garinsu. Ya zauna da tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da masu dako. Ya rubuta sunan kowace kwana, kowace mararraba, kowace kuka da ake tsayawa a gindinta, ya tambayi dalilin sunan. Wanda ke kusa da Ƙaura ya nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe tun suna raye, ya ji yadda ake kiran kowane zango tsakanin Ƙaura da Zariya. A kawo mu buga. Abin da aka rubuta aka adana, ko an kankare shi a allo ba a kankare shi a duniya ba.

Shi kuwa ɗalibinmu, da muka tashi daga wurin ɗaurin auren ya rako mu har tasha, yana riƙe mana jaka. Muka ce masa, "Kai da ka ce suna ba ya kai kowa Zariya, to ga mu a tasha. Sa mu a mota ba tare da ka ambaci sunan garinmu ba." Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, sannan ya ɗaga murya ya ce da ɗan kamasho, "Kuryar Madaro, mutum ɗaya!"

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu, Ya nuna mana ranar da jirgi zai sake yin kuka a Ƙaura, Ya sa kuma mu tarar da allon tashar yana ɗauke da sunan da muka gada. Amin.